Ƙirar Sinadaran Bitamin da Tasirinta ga Girkin Ƙasar Garki

Gabatarwa

Masanin kimiyya Casimir Funk ne ya ƙirƙiro kalmar bitamin a 1912, bisa zaton cewa dukkan ire-irensa suna ɗauke da naitirojin. Bincike ya rushe wannan zato daga baya. A yau an tabbatar da bitamin guda 13, kuma ƙirar kowanne ita ke hukunta abin da zai same shi a tukunya. Wannan maƙala ta dubi lamarin ta fuskar cimar Garki da kewayen Dutse a Jihar Jigawa.

Masu Narkewa a Mai

Rukunin farko ya ƙunshi bitamin A, D, E da K. Ƙwayar bitamin A tana da kabon 20, haidirojin 30 da oksijin ɗaya tak, shi ya sa ba ta gauraya da ruwa. Ganyen zogale da manja suna ɗauke da karotin, mai kabon 40, wanda hanji ke rabawa ya samar da bitamin A. Don haka kwaɗon zogale da aka sa wa ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ya fi amfanar jiki a kan ganyen zalla. Ƙarancin wannan bitamin shi ke haifar da dundumi.

Masu Narkewa a Ruwa

Rukuni na biyu ya haɗa bitamin C da ire-iren B guda takwas. Bitamin C, mai kabon 6, haidirojin 8 da oksijin 6, yana da yawa a garin ɗan kuka, amma zafi da iska suna lalata shi. Bitamin B1 yana ƙunshe da naitirojin da farar wuta, kuma ya fi taruwa a ɓawon ƙwayar gero da dawa, saboda haka surfe yana rage shi. Kanwa kuwa, da ake jefawa a miyar kuka ko wake, tana wargaza B1 da C. Bitamin B12 shi kaɗai ke da ƙarfen kobal a tsakiyarsa, kuma daga nono, nama, kifi da ƙwai ake samunsa.

Kammalawa

Shanya ganye a inuwa, rage kanwa, da daina zubar da ruwan dahuwa matakai ne da ƙirar sinadaran kanta ta wajabta. Ya rage wa manazarta Hausa su daidaita sunayen waɗannan sinadarai, domin ilimin ya isa madafa.