Daga fadar shayi a Dakoro zuwa ɗakin haya a Tamanrasset: yadda dare ke zama wa 'yan bida

A Dakoro, da zarar an idar da sallar isha'i, gari na komawa hannun matasa. A shimfiɗa tabarma a bakin titi, a hura gawayi, a ɗora butar shayi, a raba karta. Wannan zama shi ake kira fada. A nan ake gardamar ƙwallo da siyasa, a nan kuma ake tayar da maganar da ba ta ƙarewa: wa zai tafi bida bana, kuma ina ya nufa?

Gundumar Dakoro tana arewacin jihar Maradi, inda gonakin hatsi ke haɗuwa da yankin makiyaya. Damana ba ta wuce wata uku zuwa huɗu. Da an kai amfanin gona rumbu, samari da dama na kama hanya. Wasu su yi kudu zuwa Katsina, Kano ko Legas, wasu su bi ta Agadez zuwa Sabha da Tripoli a Libiya, ko Tamanrasset a Aljeriya. Alƙaluman hukumar kula da ƙaura ta duniya, IOM, sun daɗe suna nuna 'yan Nijar na cikin baƙin da suka fi yawa a Libiya.

Da rana, can ana bukatar ƙarfinsu a wurin gini, gonaki da wankin mota. Da dare lissafin ke sauyawa. Saurayin da ya saba kwana hira a bakin titi sai ya tarar da cewa fita bayan magariba kasada ce, ko don 'yan sanda, ko don 'yan daba masu ƙwace waya da kuɗin aikin yini. Mafi yawa na shigewa ɗaki da wuri, su ja ƙofa.

Wariyar ba kullum take zuwa da duka ba. Wani lokaci kalma ce kawai. A Aljeriya da Tunisiya ana jifan baƙar fata da kalmar "kahlush", a Libiya kuma da "abid", wato bayi. Wani lokaci mai tasi ne zai wuce bai tsaya ba, ko mai gida ya ƙi ba da haya, ko mai aiki ya hana lada don ya san mara takarda ba ya iya kai ƙara. Abin da ya fi yi wa da yawa ciwo shi ne wanda suka tsaya sahu ɗaya da shi a masallaci na iya zama wanda zai kira su da wannan suna a kasuwa.

Akwai lokutan da abin ya fito daga bakin manya. A watan Yulin 2017, Ahmed Ouyahia, wanda ke shugabantar ofishin shugaban Aljeriya a lokacin, ya danganta baƙin haure da aikata laifi da miyagun ƙwayoyi. Watanni kaɗan bayan haka ƙungiyar Amnesty International ta ce an kama sama da mutum 2,000 bisa launin fatarsu. A Tunisiya, jawabin shugaba Kais Saied na 21 ga Fabrairun 2023 ya jawo korar baƙaƙen fata daga gidajen haya da wuraren aiki, duk da cewa ƙasar ta kafa dokar haramta wariyar launin fata tun 2018.

Kamen Aljeriya bai tsaya ba. Ana shiga gidaje da wuraren gini, sau da yawa cikin dare. 'Yan Nijar ana maido su cikin ayarin motoci bisa yarjejeniyar da ƙasashen biyu suka ƙulla a 2014, sauran kuma a zube su a wurin da ake kira Point Zéro, su tako kimanin kilomita 15 zuwa Assamaka. Ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙirga sama da mutum 30,000 da aka koro a 2024 kaɗai.

A cikin wannan kulle ne shaye-shaye ke samun ƙofa. A Dakoro mai shan giya ɓoyewa yake, don idon uwa da na maƙwabta na kansa. A can babu wannan ido, sai gajiya, kewar gida da rashin wurin zuwa. Wasu na fara shan tramol don jure aikin ƙarfi, daga nan ya zama jiki.

Giyar ma kanta tarko ce. Libiya ta haramta ta tun 1969, lokacin da Gaddafi ya karɓi mulki, don haka abin da ke yawo a ɓoye shi ne haɗin gida da ake kira bokha. A watan Maris na 2013, irin wannan haɗi da ya gauraya da sinadarin methanol ya kashe sama da mutum 50 a Tripoli, ɗaruruwa suka kwanta asibiti, wasu suka makance. A Aljeriya doka ba ta hana sayar da giya ba, amma baƙar fata mara takarda da ya shiga mashaya ya san ya kai kansa inda kame ya fi sauƙi.

Duk da haka, ba kowa ke faɗawa ba. A gidajen da 'yan gari ɗaya ke haɗuwa, ana sake kafa fadar a cikin ɗaki: buta ɗaya, ƙananan kofuna, kiran bidiyo ta WhatsApp zuwa gida, da karo-karon kuɗi idan wani ya kwanta ciwo ko aka kama shi. Fada ce dai, sai dai babu bakin titi, kuma murya a ƙasa.

Tun da gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani ta soke dokar 2015 ta hana safarar baƙin haure a watan Nuwamban 2023, motoci na fita daga Agadez a fili. Ƙannen da ke zaune a gefen tabarma a Dakoro na ganin hotunan yayyensu a Facebook da sabbin kaya da babbar waya. Hotunan duk na rana ne. Labarin dare yana bakin waɗanda suka dawo, kuma da shi ne mai shirin tafiya zai san abin da ke jiransa kafin ya sayar da akuyar mahaifiyarsa ya biya kuɗin mota.