Saniya da Garken da ke Cikinta

Farar saniyar Bunaji, wadda Fulani ke kiwo a gefen dajin Falgore da ƙauyukan Tudun Wada da Doguwa, tana rayuwa ne a kan ciyawa da harawa da karan dawa, alhali jikinta ba ya samar da sinadarin da ke narkar da zaren tsiro. Masu wannan aiki su ne bakteriya, wato halittu masu ƙwayar rai ɗaya da ido ba ya gani, waɗanda ke zaune a tumbi, mafi girma daga cikin sassa huɗu na cikinta. Idan ta kwanta tana tuƙa, niƙa take yi musu, su kuma su ruɓar da abincin su fitar da sinadaran da ke ba ta kusan kashi 70 cikin ɗari na ƙarfinta. Saboda haka kirarin nagge daɗi goma, da nononta da manta da takinta, rabinsa nasu ne.

Maraƙi ba ya zuwa duniya da wannan garke na bakteriya, yana samunsa ne daga yawun uwa idan tana lasarsa da kuma cuɗanya da sauran shanu. Makiyayi ya san cewa saniyar da ta afka wa hatsi ta ci ya wuce kima cikinta kan kumbura, domin bakteriya masu son gari sun rinjayi masu cin ciyawa, tumbi ya yi tsami.

Hausawa sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma babban hanjin mutum ya gaskata su, tun da lissafin masana na 2016 ya nuna yana ɗauke da bakteriya kusan tiriliyan 38, masu sarrafa dusar da ta gagari narkewa, su ciyar da bangon hanji, su tare wa masu jawo gudawa wuri. Binciken da aka buga a 2010 ya gano cewa yaran ƙauyen Boulpon a Burkina Faso, masu cin gero da dawa da wake, sun fi yaran Italiya yawan ire-iren waɗannan halittu. Kindirmo ma, wanda bakteriya ke tsamar da shi a ƙwarya, yana taimaka wa bakteriyar hanji, amma shan maganin kashe ƙwayoyin cuta barkatai yakan share mai amfani tare da mai cutarwa, shi ya sa likitoci ke hana shansa ba da izininsu ba.