Tunawa da Baba kafinta: Sana'ar da muka taɓa jin kunyarta

Duk shekarar da aka raba mana fom a makaranta, aka zo gurbin sana'ar mahaifi, mu 'ya'yan gidanmu sai mu rubuta "ɗan kasuwa". Gaskiyar magana kuwa Babanmu kafinta ne. Tsoro muke ji kada 'yan aji su yi mana dariya. Yau wata takwas da rasuwarsa, kuma babu abin da yake damun mu kamar wannan ƙaryar.

Baba ya fi shekara talatin yana aiki a ƙarƙashin wata rumfar kwano a bakin layinmu a Kano. Idan ya yi sallar Asuba yakan zauna da Alƙur'aninsa har gari ya waye, sannan ya fita ya wasa zarto. Da ladan ya kira salla zai ajiye guduma, ko da ƙusa ta shiga rabi. Da yamma ya dawo da garin katako a gashin kansa, ya ce kowa ya kawo littafinsa ya gani, alhali shi kansa a firamare karatunsa na boko ya tsaya.

Ranar Asabar yakan tafi da mu 'Yan Katako da ke Na'ibawa. A can muka ga yadda yake zaɓe: ya ɗaga katako ya ji nauyinsa, ya ƙwanƙwasa, ya kanne ido ɗaya ya duba miƙewarsa. Ya koya mana cewa ɗanyen katako ya fi busasshe nauyi saboda ruwan da ke cikinsa, kuma idan aka yi ƙofa da shi, yana bushewa zai karkace, ƙofar ta ƙi rufuwa. Idan rufin ɗaki zai yi, sai ya shafe katakon da baƙin mai saboda gara, ya ɗaure shi da langa-langa a jikin gini don kada iskar farkon damina ta yaye kwanon.

Akwai shekarar da ba za mu manta ba. Wani ɗan kwangila ya kawo masa aikin bencina na wata makaranta, amma ya ce a yi da ɗanyen katako mai araha, a lulluɓe da fenti. A watan ne kuma ake neman kuɗin jarrabawar WAEC ta Yayarmu. Baba ya mayar masa da kuɗin kafin alƙalami. Ranar duk gidan muka yi fushi, har Yaya ta yi kuka. Abin da ya ce mana kawai shi ne: "Yaran da bencin zai karye da su, su ma 'ya'yan wasu ne." Bayan kwana biyu ya sayar da kekensa ya biya kuɗin, ya koma zuwa kasuwa a ƙafa. Yanzu Yaya malamar asibiti ce, biyu daga cikinmu kuma muna jami'a.

Ranar jana'izarsa, makarar da aka ɗauke shi a kai ita ce wadda ya ƙera wa masallacin unguwa kyauta. A cikin akwatin kayan aikinsa muka tarar da wani ɗan littafi, ya rubuta duk wanda ya ba shi kuɗi bai karɓi aikinsa ba. Mutum uku ne. Yaran da ya koya wa sana'a suka haɗu suka ƙarasa ayyukan, suka ƙi karɓar ko sisi.

'Yan uwa ɗalibai, bencin da kuke zaune a kai wani uba ne ya yi gumi a kansa, don haka kafin ku kankare shi da reza ko ku cire masa ƙafa, ku tuna. Masu sha'awar aikin katako kuma su sani ana koyar da shi a kwalejojin fasaha, har hukumar NABTEB tana shirya jarrabawarsa. Idan kuma aka miƙo muku fom, ku rubuta sana'ar mahaifinku yadda take, ko kafinta ne, ko maƙeri, ko mai faci. Mu mun so mu gyara namu, amma mun makara.

Allah ya jiƙan Baba, ya sa Aljanna ce makomarsa.