Mai Riƙe da Bakin Jaka: Labarin Majalisar Karolina ta Kudu da Gundumominta

Duk malamin da ya taɓa zama a ofishin Baitulmali lokacin da a ke shirya kiyasin kuɗin shekara ya san wahalar aikin ba wajen lissafi ta ke ba. Lissafi ko yaron Ma'aji ya iya shi. Wahalar ita ce jiran wanda zai sa hannu. To, labarin da za mu kawo wa masu karatu yau na wata jiha ne a ƙasar Amurka, ana ce da ita Karolina ta Kudu, inda aka yi shekara wajen 80 yawancin gundumomi ba su da ikon yanka ko albashin masinja sai an kai maganar babban birnin jiha.

Kowace jiha a Amurka an rarraba ta ƙasa-ƙasa, su can a yawancin jihohi suna ce wa kowane yanki kawunti, mu kuwa a nan za mu kira shi gunduma. Gunduma ita ke kula da gidan yari, da ɗakin shari'a, da ƙananan hanyoyi, da rajistar filaye, da karɓar harajin gidaje da gonaki. Karolina ta Kudu tana da gunduma 46, babban birninta Kolumbiya. Majalisar Dokokinta kashi biyu ce: Majalisar Wakilai mai mutum 124, da Majalisar Dattawa mai mutum 46.

Abin da ya kamata a fara ganewa shi ne, tsarin mulkin Amurka bai ambaci gunduma ba ko sau ɗaya. Jiha ce ke ƙaga ta. A shekarar 1868 wani alƙali a Jihar Iowa, John Dillon, ya yanke hukunci cewa ƙananan hukumomi ba su da wani iko sai wanda Majalisar Dokokin jiha ta ba su, kuma wanda ya bayar yana iya ragewa, yana iya karɓewa. Kotunan jihohi da yawa suka bi wannan ra'ayi. Amma ba ko'ina aka kai abin inda aka kai shi a Karolina ta Kudu ba.

Ruwa ba ya tsami banza. Bayan yaƙin basasar da aka gama a 1865, aka 'yanta bayi, tsarin mulkin jihar na 1868 ya ba mutanen kowace gunduma damar zaɓen masu riƙon al'amuransu. Baƙar fata kuwa a lokacin sun fi Turawa yawa a jihar, a wasu gundumomi ma sun ninka su. Da mulki ya koma hannun Turawa, sai a cikin shekarun 1890, zamanin Ben Tillman, aka rushe wannan shiri, sa'an nan tsarin mulkin 1895 ya zo da sharuɗɗan da suka hana yawancin baƙar fata jefa ƙuri'a. Aka ɗauke ikon gunduma aka kai shi Kolumbiya, inda ba a tsoron ya faɗa hannunsu.

Ga yadda abin ya ke tafiya a wancan zamani. Kowace gunduma, babba ko ƙarama, Sanata ɗaya ta ke da shi, da wakilai gwargwadon yawan jama'arta. Waɗannan su ne ayarin gunduma a Majalisa. Kowace shekara sai su zauna su rubuta dokar kuɗin gundumarsu: harajin da za a ɗora, albashin yari da na magatakardan kotu, abin da za a kashe a kan hanya da gada. Sai a kai ta Majalisa a karanta sau uku a kowane ɓangare, kamar kowace doka. Al'ada ce ba mai sa baki a cikin dokar gundumar wani, domin kowa yana da tasa tana tafe. Tun da ya ke kuwa doka ba ta wucewa sai ta bi ta Majalisar Dattawa, can kuma mutum ɗaya ne ke magana da sunan gundumar, sai ya zamana abin da Sanata ya ƙi ya mutu ke nan. Ƙananan alƙalai ma, ko da ya ke Gwamna ke naɗa su a takarda, wanda Sanata ya nuna shi a ke naɗawa. Mai neman aiki, da mai son a gyara hanyar ƙauyensu, da ma'aikacin da ke kukan ƙarin albashi, duk ƙofar gida ɗaya su ke sallama.

Sanatocin nan kuma ba ɗaya su ke ba. A kansu akwai shugabannin kwamiti, kuma a nan ainihin ƙarfin ya ke. Shirin doka in an yi masa karatu na fari, sai a miƙa shi ga kwamiti. Shugaban kwamiti shi ke faɗin ranar da za a duba shi, shi ke zaɓen 'yan ƙaramin kwamitin da za su tsefe shi. In bai so ba, ba sai ya yi jayayya da kowa ba, sai ya bar takardar a aljihun tebur har zaman Majalisa ya ƙare. A Majalisar Dattawa kuwa daɗewa ke kai mutum wannan kujera. Wa ke daɗewa? Sanatan ƙaramar gundumar karkara, wanda ya san kowane mai ƙuri'a da sunan ubansa, ba mai iya kayar da shi. Na birni kullum ana canza shi, bai kai ga zama ba an tashe shi.

Ta haka wata 'yar gunduma mai suna Barnwell, wadda a ƙidayar 1960 mutanenta ba su kai 20,000 ba, ta riƙe jihar gaba ɗaya shekara da shekaru. Sanatanta Edgar Brown, lauya ne, ya shiga Majalisar Dattawa a 1929, ya hau kujerar shugaban Kwamitin Kuɗi a 1942, bai sauka ba sai 1972. Ɗan gundumarsu Solomon Blatt ya zama Kakakin Majalisar Wakilai a 1937, ya ɗan sauka na 'yan shekaru, ya komo a 1951 ya zauna har 1973. A ƙarshen 1941 har Gwamna ma, Emile Harley, mutumin Barnwell ne. Da Strom Thurmond ya fito neman Gwamna a 1946, babban abin da ya yi ta suka a wajen taro shi ne wannan ƙungiya ta Barnwell. Ya ci zaɓe, ya yi shekara huɗunsa ya tafi, ya bar Brown a inda ya same shi. A 1950 ma aka kafa wata hukuma mai mutum biyar mai lura da kashe kuɗin jiha, shugabannin kwamitin kuɗi na majalisun biyu suna ciki, ƙuri'ar kowannensu daidai da ta Gwamna.

Gaskiya ita ce, ba a zargi Brown da almubazzaranci ba. Mutum ne mai matse hannu, mai ƙin bashi, kuma ya taimaka ƙwarai wajen kafa talabijin na koyarwa domin makarantun jihar. Masu yabonsa a nan su ke tsayawa. Amma a ganinmu kirkin mai riƙo ba ya gyara tsarin da ba ya tambayar mai biyan haraji. Mutanen Charleston da na Greenville, kowace gunduma sama da mutum 200,000, Sanata ɗaya-ɗaya gare su, daidai da Barnwell, ba su kuwa da hanyar tsige mutumin da ke yanke musu rabo, domin ba su suka zaɓe shi ba.

Akwai kuma Marion Gressette na gundumar Calhoun, wanda ya riƙe Kwamitin Shari'a tun daga 1953 har rasuwarsa a 1984. Saboda yawan shirin dokar da ke shiga wajensa ba ya fitowa, 'yan Majalisa suka riƙa kiran kwamitin maƙabartar Gressette. Shi ne har wa yau ya shugabanci kwamitin da aka kafa a 1951 domin neman hanyar hana 'ya'yan baƙar fata da na Turawa zama aji ɗaya.

Abin da ya karya wannan tsari daga waje ya zo. A 1964 Kotun Ƙoli ta Amurka, a wata shari'a da ta taso daga Jihar Alabama, ta ce dole a raba kujerun majalisun jiha duka biyu bisa yawan jama'a. Aka sake shata mazaɓu, sai ga ƙananan gundumomi biyu ko uku sun haɗu a kan Sanata, wata ma ba ta da ɗan ƙasa ko ɗaya a Majalisar Dattawa. To, wa zai rubuta mata dokar kuɗi? Baƙo? Dokar kare haƙƙin zaɓe ta 1965 kuma ta mai da baƙar fata cikin rajista. Dole aka nemi mafita. Jama'a suka yarda da gyaran tsarin mulki a 1972, aka tabbatar da shi a 1973, ya hana Majalisa yin doka domin gunduma ɗaya tak. A 1975 aka zartar da dokar mulkin kai na gundumomi, aka ba mutanen kowace gunduma zaɓin irin majalisar da su ke so, wadda za ta ɗora haraji ta kuma shirya kiyasinta. Dā ma Charleston ta sami irin wannan majalisa tun 1948, amma da alfarmar ayarinta.

Kada mai karatu ya zaci shi ke nan an saki bakin jaka. Gunduma tana yi wa jiha ayyuka da yawa da kuɗinta, kamar ba kotuna da ofisoshin jiha muhalli da tsare fursunoni. Saboda haka a 1991 aka yi doka cewa kowace shekara za a ware wa ƙananan hukumomi kashi 4.5 cikin 100 na kuɗin shigar jiha na bara, wajen kashi 83 cikin 100 na wannan rabo na gundumomi, sauran na birane. Da tattalin arziki ya karye a 2008, sai kwamitocin kuɗi suka riƙa sa wani ɗan sharaɗi a cikin dokar kiyasi mai jingine wannan alkawari na shekara guda. Bara a jingine, bana a jingine, har aka yi shekara wajen goma ba a biya cikakke ba. Ga shi kuwa tun 2006 wata doka ta ƙayyade wa gunduma ƙarin harajin gidaje, ba za ta wuce gwargwadon tashin farashi da ƙaruwar jama'a ba. In an rage ma'aikata ko hanya ta lalace, ɗan majalisar gunduma a ke tarewa a kasuwa, ɗan Majalisar Dokoki kuwa ya koma gida yana cewa shi bai ƙara wa kowa haraji ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A 2019 Majalisa ta soke lissafin kashi 4.5 ɗin ɗungum, ta ce rabon zai riƙa tashi gwargwadon tashin kuɗin shigar jiha, amma kada ƙarin ya wuce kashi 5 cikin 100 a shekara. Ayarin gunduma kuma bai rasa kome da kome ba. Dokar 1975 ba ta taɓa naɗin ƙananan alƙalai ba, ta bar shi a hannun Gwamna da Majalisar Dattawa, watau a hannun sanatocin yankin, kuma ta bar wa ayari ikon nuna mutanen da za a naɗa a hukumar zaɓe ta gunduma.