Ziyarar Alƙahira: Abin Da Baƙo Zai Sani Kafin Ya Fita Kallo

A kowace shekara akwai mutanenmu da ke zuwa Misira, wasu neman ilimi, wasu magani, wasu fatauci. Da yawa sukan dawo da hotuna cike da waya, amma in ka tambaye su wane ne ya gina wurin da suka tsaya, sai su yi shiru. To ka ga an kashe kuɗi, an sha rana, ba a ƙaru ba. Wanda ya san tarihin wuri kafin ya je shi ne yake ganinsa da gaske. Alƙahira kuwa birni ne mai girma da cunkoson motoci, don haka sai an raba shi kashi-kashi, kowane kashi da ranarsa.

Rana ta farko, tsohon gari. A nan masallacin Azhar yake, wanda Fatimawa suka fara ginawa a 970, aka buɗe shi a 972. Mu da wannan wuri akwai tsohuwar alaƙa. A cikinsa an yi ruwaƙai, wato sassan da ɗaliban kowace ƙasa ke zama, kuma mutanen Barno suna da nasu. Haka nan Mansa Musa na Mali ya yada zango a birnin a 1324, a hanyarsa ta Makka. Kana tsallaka titi daga Azhar sai kasuwar Khan Khalili, a bayan masallacin kuma akwai shagunan littattafai. In da sauran ƙarfi, a hau zuwa Ƙal'a, ganuwar da Salahuddin Al-Ayyubi ya fara a 1176. Daga can ana hangen gari sosai.

Rana ta biyu, Fusɗaɗ. Shi ne garin da Amru bn Al-As ya kafa bayan buɗe Misira, kuma masallacinsa shi ne na farko a ƙasar. Sai dai an sha faɗaɗa shi da sabunta shi, saboda haka ginin da ido ke gani yau ba na zamanin Sahabbai ba ne, wurin ne dai na asali. Jirgin ƙasa na cikin gari, wanda suke kira metro, yana ajiye mutum kusa da shi a tashar Mar Girgis, kuma akwai taragon mata zalla. A Fusɗaɗ ɗin ne gidan tarihin da aka mayar da gawarwakin sarakunan dā guda 22 a 2021, har da Ramsis na biyu.

Rana ta uku, Giza, inda dala uku suke, Larabawa suna ce musu Ahram. Babbar ita ce ta sarki Khufu. Ta kai wajen shekara 4,500, kuma tsawonta na farko ya kai mita 146. Kabari ce, ba fada ba, cikinta ba kowa sai lunguna da ɗaki na dutse. Kusa da ita akwai Abul Haul, mai kan mutum da jikin zaki. A yi sammako, domin ba inuwa a wurin. A nan ne kuma baƙo ya fi asarar kuɗi. Mai raƙumi zai ce hau kawai, in ka hau sai ciniki ya canza. A gama magana a ƙasa: nawa, zuwa ina, minti nawa. Tikiti kuma a wurin sayar da shi ake yanka, ba a hannun wanda ya tare ka a hanya ba.

Sai maganar harshe, wadda ta fi shafarmu. Larabcin da muke karantawa, fusha, za su gane shi, amma su da ammiyya suke amsawa. Harafin jim suna furta shi "ga", sai jamal ya koma gamal. In kana tambayar farashi ka ce "bikam", in wuri kake nema ka ce "fen". Kada kunya ta hana ka magana, ko an yi maka dariya.

Abu na ƙarshe shi ne ladabi. Ba a hawa dala, ba a rubuta suna a jikin bango, ba a ɗaukar hoton mutum sai da izininsa, balle na soja ko ɗan sanda. A riƙe ƙaramin littafi, a rubuta sunan kowane wuri da wanda ya gina shi da shekararsa, don in an dawo gida a samu abin faɗa wa ƙanne. Allah Ya ba mu ikon zuwa, Ya amfanar da mu abin da muka gani.