Finafinan da ke tona asirin masu safarar mutane

Duk wanda ya kalli Taken, fim ɗin 2008 da Liam Neeson ya fito a ciki, zai ɗauka mai safarar mutane baƙo ne da ke fasa ƙofa ya sace yarinya da ƙarfin bindiga. Hakan yana faruwa, amma mafi yawan waɗanda ake safararsu da ƙafarsu suke bin wanda suka amince da shi. Finafinan da suka fi amfani a wannan fage su ne masu nuna yadda ake sayen wannan amana.

Oloture na kamfanin EbonyLife, wanda ya hau Netflix a 2020, yana cikinsu. Kenneth Gyang, ɗan Filato da ya shirya fim ɗin Hausa Blood and Henna, shi ya ba da umarni. Binciken 'yar jarida Tobore Ovuorie, wanda Premium Times ta wallafa a 2014, yana cikin abubuwan da suka haifar da labarin. Sharon Ooja ta fito a matsayin 'yar jaridar da ta ɓad da kama ta shiga cikin karuwan Legas don gano masu tura mata Turai. Mai kallo yana ganin 'yan matan suna tara kuɗi da guminsu suna miƙa wa magajiya, ana kai su wurin tsafi a rantsar da su, sannan a ƙwace wayoyinsu. Fim ɗin bai ƙare da ceto ba: mota ta tsallake iyaka da su, mai neman ceton yana baya.

Abin da ke jiran su a Turai kuwa, fim ɗin Joy ya nuna shi. Sudabeh Mortezai ce ta shirya shi a 2018, kan wata 'yar Najeriya a birnin Vienna da ke sayar da jikinta don biyan bashin magajiya, alhali iyalinta a gida suna jiran aike. Irin wannan bashi yakan kai dubban Yuro. Mafi ɗaci shi ne, wadda ta gama biya takan zama magajiyar wasu. A 2016 kaɗai, mata 'yan Najeriya sama da 11,000 suka isa Italiya ta teku, kuma hukumar ƙaura ta duniya, IOM, ta ƙiyasta cewa kusan kashi 80 cikin 100 suna cikin haɗarin faɗawa wannan tarko. Rantsuwar tsafin da ake yi wa matan tana da ƙarfin da sai da Oba na Benin da ke jihar Edo, Ewuare na Biyu, ya tara matsafa a Maris na 2018 ya warware ta.

Kada Bahaushe ya ce wannan matsalar Edo ce. Hanyar Libiya ta Kano, Damagaram da Agadas take bi. A garuruwanmu ma dillalai suna zagawa da alƙawarin aikatau a Saudiyya ko Libiya, ko su karɓi yarinyar ƙauye da sunan aikin gida a birni, albashinta na shiga aljihunsu. Salon ɗaya ne: zuma a baki, bashi a wuya, fasfo a hannun wani.

Fim yana isa inda takardar gargaɗi ba ta isa, domin uwar da ba ta karanta jarida tana kallo a waya. Nan ne Kannywood ke da aiki a gabanta: ta nuna dillalin da kamarsa ta gaskiya, mai sallama da fara'a, wani lokaci ma ɗan uwa. Kafin nan, iyaye su tambayi duk mai kawo tayin tafiya: wane aiki ne, wa ya biya kuɗin mota ko jirgi, nawa za a biya shi, wa zai riƙe fasfo? Idan amsa ta yi kwan-gaba-kwan-baya, a kai rahoto ga NAPTIP, hukumar da aka kafa tun 2003 don yaƙi da safarar mutane.