Saurin labari da saƙarsa a ƙagaggun labaran bincike masu aljanu a birni

Abin da wannan maƙala za ta duba shi ne wani nau'in ƙagaggen labari da ya bunƙasa a adabin Turanci, wanda ya gama abubuwa uku: birni na zamani, laifin da ake neman wanda ya aikata shi, da kuma tsafi ko aljanu. A *Storm Front* na Jim Butcher (2000), ƴan sandan Shikago ne suka nemi taimakon wani matsafi kan kisan mutum biyu. A *Rivers of London* na Ben Aaronovitch (2011), wani ƙaramin ɗan sandan Landan ne ya ɗauki shaida daga bakin fatalwa.

Da farko dai, a 1966 Todorov ya nuna cewa labarin bincike labari biyu ne a goye: labarin laifi, wanda ya wakana a ɓoye, da labarin bincike, wanda ke tono na farkon kaɗan-kaɗan. Saboda haka saurin irin wannan littafi ya danganta ne ga yadda marubuci ke raba wa mai karatu sani: me zai sani, kuma a wane shafi.

Shigowar tsafi takan kawo matsala. Idan aljani na iya faɗin sunan mai laifi a duk lokacin da aka tambaye shi, to bincike ya mutu. Maganin da marubuta suka samo shi ne gindaya wa tsafin iyaka tun a babobin farko. A *Zoo City* na Lauren Beukes (2010), wanda ke gudana a Johannesburg, mai karatu yakan san da wuri cewa duk mai ɗauke da babban laifi dabba ce ke manne masa, tare da wata baiwa. Baiwar tauraruwar ita ce gano abin da ya ɓace, sauran aiki kuwa sai ta taka da ƙafarta ta yi tambaya. Ƙa'idar da aka shimfiɗa a farko ita ke sa mai karatu ya yarda da warwarar ƙarshe.

Na biyu, a 1972 Genette ya kasa tafiyar labari gida huɗu: tsayawa domin siffantawa, fage inda ake zance, taƙaitawa, da tsallake. Nahawun Hausa yana da kayan wannan aiki. Shuɗaɗɗen lokaci na biyu shi ke tura labari gaba: suka buɗe ƙofa, suka shiga, suka tarar da gawa. Lokaci mai ci kuwa riƙe shi yake yi: fitila tana ci, iska tana kaɗa labule. Kalmar *sai* tana ɗaura aukuwa a kan aukuwa, *ashe* kuwa tana fito da ɓoyayyen labarin nan fili. Mai fassara da ya jera *sun* inda ake bukatar *suka* ya kashe gudun shafin.

Wannan ya shafi masu tsara aikin yaƙi da jahilci kai tsaye, domin wanda ya koyi karatu bai samu abin karantawa ba, mantuwa takan ci shi. *Ruwan Bagaja* (1934) jerin aukuwa ne, ana iya ajiye shi bayan kowace guda. Labarin bincike kuwa yakan bar tambaya a buɗe, ita ke dawo da mai karatu gobe. Shawararmu ga masu shirya littattafan sababbin masu karatu ita ce: babi ya zama gajere, kowanne ya amsa tambaya ɗaya ya tayar da wata, a bayyana iyakar tsafi kafin tsakiyar littafi, kuma a bar wa hankalin ɗan Adam warware laifin.